Daga Kaskon Batsari Zuwa Safana

Safana, Satumba 2021

Zuwa ga Gwaggo Hansatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gwaggo ina wuni, ina gajiya, yaya ruwa, yaya iyali da maƙwabta? Yaya gwiwar nan da ke damunki in sanyi ya sauko? Allah ya ƙara sauƙi. Mahfuza ce, ɗiyar Bashar na Darini, ɗan ƙanen mahaifinki, wadda ta zo wurinki kafin damina ta wuni tana kallon matanki suna suyar gyaɗa. Muna lafiya ni da maigidana. Tun da aka ɗauke sabis ɗin waya a yankinmu saboda matsalar tsaro, ba mu da hanyar gaisawa sai takarda. Mani direban a-kori-kura ya ce zai riƙa kai mini.

Gwaggo, kin san aikina a ƙaramin asibiti shi ne awon yara. Bana yara masu tamowa sun yi yawa, galibi na mutanen da suka baro ƙauyukansu. Uwa za ta zo da yaro, ki ɗaga shi kamar kin ɗaga zane. Garin kunun nan naku, Ƙoshin Yaro, da na taho da shi, na rarraba wa waɗanda suka fi buƙata, kuma na ga aikinsa da idona. Akwai yarinyar da ba ta iya zama, yanzu rarrafe take yi tana jan mayafin uwarta.

To ya ƙare. Kullum mata na tsayawa a bakin taga suna tambayata.

Roƙona ba na buhu ba ne kawai. Safana akwai gero, akwai gyaɗa, akwai waken suya, akwai mata masu hannu da ba su da abin yi. Me zai hana ki koya mana mu riƙa yin namu a nan, yadda kuke yi a can, a sayar wa mai hali a ba marar hali? Ki duba wannan magana, don Allah.

A gaishe mini da Baba Gambo mai kasko da sauran matan ƙungiya.

Taki,
Mahfuza

*

Batsari, Satumba 2021

Ɗiyata Mahfuza,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, gwiwa kuma tana nan tana aikinta na ba ni labarin hadari kafin ya haɗo. Ki gaida maigidanki. Na ji daɗin rubutunki, ba kuskure ko ɗaya. Ko da yake na bar koyarwa, har yanzu da jan biro nake karanta wasiƙa.

Labarin yarinyar nan mai rarrafe na karanta wa mata a tsakar gida, har Gambo ta yi guɗa.

Amma batun ku yi naku, ki tsaya ki ji. Lokacin da muka fara, mu biyar ne da kasko ɗaya na aro. Mutanen ƙauye da suka gudo sun cika ajujuwan makarantar da na yi ritaya a cikinta, yara na kuka, mu kuma muna gwaji. Mun ƙona gero, mun yi gari mai ɗaci, mun yi wanda kaji ma suka ƙi. Sai da muka sha wahala kafin hannunmu ya faɗa. Yau matan ƙungiya sun haura ashirin, muna da shago a bakin kasuwa, matan ma'aikata na saye, abin da aka samu shi ke ciyar da yaran da iyayensu ba su da ko sisi. Babu wanda muke miƙa wa hannu. Duk wannan a kan suna ɗaya yake tsaye. Uwa ta ga an rubuta Ƙoshin Yaro, ba ta tambaya, damawa take yi ta ba ɗanta.

Abin da za a sa a bakin jariri ba a koyonsa da wuni ɗaya na kallo. Ki bari a gama kaka, hanya ta yi sauƙi, in zo da kaina in zaɓi matan da za a koya wa. Nufina ma shi ne mu faɗaɗa nan Batsari, mu sayi injin niƙa namu, mu riƙa aika muku Safana da sauran garuruwa. Wuri ɗaya, hannu ɗaya, ido ɗaya a kai. Haka abu ke girma bai lalace ba.

Ga buhu biyu nan Mani zai sauke miki. In sun ƙare ki aiko.

Gwaggonki,
Hansatu

*

Safana, Oktoba 2021

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da duk wanda ke gidan. Mun gode da buhuna, Allah ya saka da alheri. Ni lafiya lau, sai ɗan zazzaɓi da na yi, ya wuce.

Gwaggo, zan faɗa miki abin da na san ba za ki so ba, amma gara ki ji daga bakina. Buhunan sun ƙare da wuri, Mani kuma ya daɗe bai yi lodi ba saboda wahalar mai. Yaran da suka fara murmurewa suka soma komawa gidan jiya. Na kasa kallon iyayensu.

Akwai wata mata a unguwarmu, Hadiyya mai kitso. Babu gidan da ba ta shiga a Safana, babu sunan da ake yi ba ta je ba. Ita ma tana riƙon jikarta Safiyatu, marainiya, wadda ke cikin yaran da nake ba garin. Ta same ni ta ce, "Malama, wannan abin daga Makka ake kawo shi?" Na ce a'a, daga Batsari. Ta ce, "To gero ne da gyaɗa da wake. Mu ma muna da wuta."

Kafin in ankara ta tara mata a gidanta, kowa ta kawo abin da take da shi. Sabuwar gyaɗa ta shigo, ga ta da araha. Na gaya musu awon da na gani a wurinku, muka soya, muka kai niƙa, muka ƙulla a leda. Gwaggo, ƙamshinsa sak naku. Mun rubuta Ƙoshin Yaro a jiki don iyaye sun riga sun san sunan. Har matar wani malamin sakandare ta saya.

Na san kin ce a jira. Cikin yaro ne ba ya jira. Ki sa mana albarka.

Taki,
Mahfuza

*

Safana, Oktoba 2021

Gwaggo, salamu alaikum. A tsaye nake rubutu, Mani na shirin tashi. Ban ji daga gare ki ba tun wancan karon.

Garin ya lalace. Yara uku na kwance a asibiti, har da Safiyatu. Mata sun watse, kowa ta kulle ƙofarta. Ban san inda zan sa kaina ba. Ki taimake ni.

Mahfuza

*

Batsari, Oktoba 2021

Mahfuza ɗiyata,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Takardarki ta zo ina tsakiyar tankaɗe, na karanta na zauna a ƙasa. Yaushe 'yan bindigar suka shigo muku? Ta wace unguwa? Mu nan ba mu ji komai ba, ba waya, Mani kuma ta hannun wani ya aiko takardar, ban gan shi ba balle in tambaye shi. Ke lafiyarki ƙalau? Maigidanki fa? Yaran nan harbi ne ko a wajen gudu suka ji ciwo?

Na yi shiru a kan waccan wasiƙar ne don raina ya ɓaci da kuka sa sunanmu ba izini. Wannan duk ya wuce yanzu. Rai ake magana.

Na share ɗakin da ke kusa da nawa, na shimfiɗa tabarma. Na aika an nemo Mani, na ce ya je ya ɗauko ku ko da ba shi da wani fasinja. Ki ɗauki takardun makarantarki da kayan sawa, sauran ki bar su. In Hadiyya da jikarta za su iya tafiya, ki taho da su, gidan zai ɗauke mu. Mata sun haɗu sun yi muku addu'a, liman ma na aika masa.

Kada ki tsaya jayayya da ni. Ki shigo mota.

Hansatu

*

Safana, Nuwamba 2021

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da hannu biyu, ina kuma neman gafara saboda tashin hankalin da na jefa ki. Kowa lafiya. Babu wanda ya shigo mana, Safana na nan yadda kika san ta.

Mani ya tsaya a ƙofar gidanmu yana cewa a fito da kaya, ni ina kallonsa ban gane ba. Da na karanta takardarki sai na yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace mini. Gwaggo, garin kunu nake nufi! Garin da muka yi ne ya lalace, ba garin Safana ba. Gaggawa ta sa ban fayyace ba. Amma ɗakin nan da kika share, ba zan manta da shi ba har in mutu.

Ga abin da ya faru. Gyaɗar sabuwa ce, ba ta gama bushewa ba, mu kuma muka ƙulle garin a leda tun da ɗuminsa. Kashin farko ya tafi lafiya don an shanye shi da wuri. Na biyu ya zauna, ya yi fumfuna daga ciki, ido bai gani sosai. Yara uku suka kama amai da gudawa. Biyu sun warware nan da nan. Safiyatu ce ta ba mu tsoro, don da ma ba ta da jiki. Sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Hadiyya ta zauna a gefen gadon ba ci ba sha, tana cewa, "Da hannuna na dama mata." Alhamdulillahi, jiya ta karɓi cokali, har ta kama yatsana.

Shugabanmu a wurin aiki ya kira ni ya yi mini faɗa, kuma yana da gaskiya. Mazan unguwa sun hana matansu zuwa gidan Hadiyya. Abin da ya fi ci mini rai, sunanku ake kira. Na ji wata a bakin famfo tana cewa garin Batsari na kwantar da yara.

Na sallami Mani ba tare da ni ba. Ba zan ɓata abu in gudu in bar shi ba. Kuma Gwaggo, zan faɗi wannan da ladabi: har yanzu ban yarda cewa kuskure ne mu yi namu ba. Kuskuren shi ne mun yi ba malami. Yaran da suka sa muka fara suna nan, ba inda suka je.

Taki,
Mahfuza

*

Batsari, Nuwamba 2021

Mahfuza,

Wa alaikumus salam. Alhamdulillahi da Safana ke tsaye, alhamdulillahi da yarinyar nan ta karɓi cokali. Liman ya tambaye ni labarin harin, na ce masa fumfuna ce ta kai shi. Har yanzu yana kallona. Ke kuma daga yau in za ki rubuta gari, ki faɗi na ci ne ko na zama.

Na tara matan ƙungiya na karanta musu takardarki. An yi zafi. Wasu sun ce a aika a hana ku, kun zubar mana da suna. Wasu sun ce in aka koya wa Safana, wa zai sayi namu? Na bar su suka gama. Sannan na tambaye su, ko mun sayi injin nan, ranar da mota ba ta tashi ba, me yaron Safana zai sha? Ni ma da na kawo shawarar injin na ga ba zai ciyar da shi ba.

Saboda haka ga Gambo nan tare da wannan takarda. Ita ce ta fi kowa hannu a kasko, kuma ta ce za ta zauna har sai ta ga kun iya. Ki kula mini da ita, ba ta cin yaji, kuma tana da faɗa, kada ku ji haushi.

Abin da ba za ku taɓa canzawa ba shi ne wannan. Gyaɗa ta bushe har ta yi ƙara a haƙori, a tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta motse a zubar, kada a ce asara. Gari ya huce sarai kafin ya shiga leda. Kuma kada a yi da yawa a ajiye. Sauran kuwa naku ne. In dawa ta fi gero araha a wurinku, ku sa dawa. Yadda za ku sayar da yadda za ku bayar, ku kuka san mutanenku.

Yanzu ki karanta wannan sau biyu, don na ga ni da ke mun iya juya magana. Ku cire sunan Ƙoshin Yaro, ku sa naku. Ba korarku nake yi ba, ba kuma fushi ba ne. In sunanmu ne a jiki, kullum za ku riƙa waiwayen Batsari, in abu ya ɓaci a ce na baƙi ne. In naku ne, Hadiyya za ta tsare shi kamar jikarta. Ni ba reshe nake so a Safana ba. Ƙungiya nake so mai tsayawa da ƙafarta, wadda ko na mutu ba za ta ji ba sai a wajen ta'aziyya.

Gwaggonki,
Hansatu

*

Safana, Disamba 2021

Gwaggo Hansatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya sanyi, yaya gwiwa? Na karanta sau uku, na kuma gane. Muna lafiya. Baba Gambo ta yi ƙiba, ta ce tuwon Safana ya karɓe ta.

Ranar da ta iso, ta tarar ba kowa a gidan Hadiyya sai mu biyu. Ta ce ita ba ta zo koya wa bango ba. Hadiyya ta ce a bar mata wannan. Ta ɗauko ragowar lalataccen garin, ta sa aka haƙa rami a ƙofar gidanta da rana tsaka, mutane na wucewa, ta juye shi ta rufe. Ta ɗaga murya ta ce, "Wannan ni na yi shi, ba mutanen Batsari ba. Ga malama an aiko mana. Wadda ke so ta ga yadda ake yi daidai, ƙofa a buɗe take."

Mata huɗu suka leƙo. Baba Gambo ta sa mu tsintar gyaɗa har bayanmu ya ƙage. Da aka gama kashin farko, Hadiyya ta dama, ta ɗora Safiyatu a cinya, ta ba ta a gaban kowa. Yarinyar ta shanye ta miƙo baki. Washegari tsakar gidan ya cika. Mazan da suka hana, ɗaya daga cikinsu ne ya kawo mana itace.

Mun sa masa suna Garin Raino. Muna sa rabi dawa rabi gero. Shugabanmu da kansa ya ɗanɗana, ya ce in ci gaba da nuna wa iyaye.

Sai wani abu da ba mu tsara ba. An gayyaci Hadiyya suna a wani ƙauye a bayan Safana. Maimakon atamfa, sai ta tafi da kasko da ɗan gero da gyaɗa da wake. Kin san yadda mata ke cika gidan suna. Ta hura wuta a tsakiyarsu, ta soya, aka daka a turmi tunda ba inji, ta dama kowa ta sha, tana yi tana maimaita musu dokokin Baba Gambo har suka haddace. Yanzu duk sunan da aka kira ta, da kaskonta take zuwa. Wata da ta koya a can ta je sunan ƙanwarta a wani ƙauyen ta yi musu haka. Shekaranjiya wata mata ta kawo ɗanta awo daga rugar da ban taɓa jin sunanta ba. Na fara yi mata bayanin garin, ta katse ni ta ce, "Ai mun iya. A bari ya huce kafin a rufe."

Wasu a cikinmu sun ji tsoron ciniki zai mutu. Bai mutu ba. Matan gari masu aiki sun fi son su sayi ƙullalle, mutanen ƙauye kuma da ma ba saye za su yi ba.

Baba Gambo ta ce aikinta ya ƙare, za ta biyo Mani ran kasuwa.

Taki har kullum,
Mahfuza

*

Batsari, Disamba 2021

Ɗiyata Mahfuza,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gambo ta iso lafiya da tsarabarku, ta hana kowa magana sai labarin Safana. Na dama Garin Raino na sha. Dawar ta ɗan yi yawa a bakina, amma ba bakina aka yi wa ba. Ya yi.

Labarin gidan suna ne ya hana ni sukuni. Shekara da shekaru muna wannan aiki, ga Yasore nan kusa da mu, ga Darini garin ubanki, ba mu taɓa kai musu komai ba sai abin da suka zo shago suka saya, in suna da abin saye. Ni ina ta lissafin inji da mota da babban ɗaki. Sunaye nawa na halarta a garuruwan nan, na ci tuwo na yi barka na dawo, kaskona na rataye a gida?

Na kawo maganar gaban mata. Wannan karon ba a yi gardama ba, sai dai kunya. Sun ce su ba su san yadda ake tsayawa a gidan mutane a tara hankalin mata ana tsakiyar biki ba. Ni ma ban sani ba. Na iya tsayar da aji, amma yaran aji ba su da zaɓi. Matan biki in ba ki iya ba, za su bar ki da hayaƙinki su koma wajen kiɗan ƙwarya.

To akwai haihuwa da ake jira a Yasore, matar ɗan Gambo, watanta ya tsaya. Ki roƙar mini Hadiyya ta zo ta yi mana sunan nan yadda take yi, mu kuma mu tsaya a bayanta mu gani. Ta taho da Safiyatu in gan ta. Kasko ba sai ta ɗauko ba, muna da su.

Ki faɗa mata kada ta ji nauyin furfurata. In na yi ba daidai ba, ta gyara mini a gaban kowa. Ni zan riƙe mata ludayi.

Gwaggonki,
Hansatu